Kawu Ya Rasu, Yana Karɓar Haya

In na ce maka Kawu ya rasu amma har yau yana karɓar haya a gidansa, za ka ce ɗan kamasho ya fara halin nasa. Ka faɗa, ba zan ji haushi ba. Na san sunan da na yi a tasha. Ni ne na taɓa rantsuwa cewa na cusa 'yan biki da akuyarsu da injin niƙa a ƙaramar mota guda, har da sauran wurin mutum ɗaya. Wancan na ƙara gishiri, na yarda. Wannan kuwa ragewa ma na yi. In kana musu, ka zo Birnin Gwari da hantsi, ka tambayi gidan da ake kira Bariki, ka tsaya a zaure ka kasa kunne. Sharaɗina ɗaya: in ka shiga tsakar gida, ka lura da inda kake sa ƙafa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon soja, da igiya uku, wato sajan, ya bar aiki. Ranar jana'izarsa na ga mutanen da na ɗauka sun riga shi tafiya. Akwai Kofur, abokin aikinsa, Kirista ne daga kudancin Kaduna da ya zauna garin nan tun kafin a haife ni. Ya zo da tsohuwar hularsa ta soja wadda asu ya cinye rabinta. Ya tsaya gefe har aka idar da salla, da aka ɗauko makara sai ya ƙame ya sara.

"Oga Sajan," in ji shi, "ka sake riga ni karɓar sallama."

Direbobin tasha suka zo gayya guda. Ɗayansu ya ce mini, "Yanzu wa zai riƙa tsayawa yana gaya mana ranar da motarmu za ta mutu?" Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta.

'Yan haya su ne ba su yi kuka ba, kuma shirunsu ya fi kuka tayar mini da hankali. Sun jeru jikin bango, maza da mata, suna karɓar gaisuwa kamar su aka yi wa mutuwa. Wata tsohuwa a cikinsu ta ja gefen rigata.

"Ɗan ƙanwar mai gida, yaushe za a ce mu kwashe?"

Na ce, "Iya, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Ta ce, "Na sani. Ina so in san ko in jiƙa kalwa ne ko in bari."

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Taubashi don abokin wasana ne, bai samu jana'iza ba. Daga Kaduna ya taso, ya iso an riga an dawo. Ya zauna a tabarma a bakin zaure yana amsa "Ya haƙuri," amma na lura da idonsa. Yana bin ƙofofin ɗakunan haya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi, ya sauke. Idon nan na san shi. Da shi nake kallon fasinja mai babbar jaka.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ba ni da gado a gidan, ɗan mace ne, ko cokali ba za a miƙo mini ba. Amma in aka sayar da Bariki mutanen nan suka watse, ba gida kaɗai zai tafi ba. Bari ka ji.

Kawu ya bar soja, soja bai bar shi ba. Kaftaninsa guga ake yi masa har ya yi kaifi, in ka goga a jiki sai ka nemi auduga. Na rantse na taɓa ganin ya shafa wa silifas mai. Shayinsa ba sukari, rediyonsa a kunne, sandarsa mai bakin ƙarfe a hammata. In ya ce ka zo bayan la'asar ka zo bayan la'asar da 'yan kai, zai dube ka ya ce, "Da yaƙi ne, da yanzu ana rabon kayanka."

Da aka biya su kuɗin sallama, garin nan ya ga abin kallo. Wani ya sayi talabijin da ta fi ƙofar ɗakinsa faɗi, sai da aka fasa bango. Wani ya tafi Umara ya dawo ya sake komawa. Kofur ya sayi bas, ni ma na yi mata lodi. Ta yi damina biyu tana cin kuɗin gyara kamar mai jego, daga baya ta kwanta a bayan tasha, kaji suka mai da ita gidan haya, su ma ba sa biya.

Kawu bai taɓa nasa ba sai da ya yi watanni yana kallonsu. Yakan ce, "Kuɗin sallama ba albashi ba ne. Albashi in ka kashe shi, ƙaninsa na tafe ƙarshen wata. Wannan maraya ne, ba shi da ƙane." Fansho kuwa ya ce na cefane ne da magani, ba a gina komai a kansa, tunda sai ka je Kaduna lokaci-lokaci ka tsaya a layi ka tabbatar wa yara 'yan boko cewa kana da rai.

Na je masa da tawa buƙatar. Na durƙusa har ƙasa, na yi muryar marayu.

"Kawu, ko 'yar ƙaramar mota ce ka saya mini, kullum in kawo maka balas, kuɗin da ta samo."

"Tana da taya?"

"Kawu, mota ce fa."

"To ba na saye. Duk abin da ke da taya, tafiya yake son yi. Ni abin da zan bari a wuri in dawo in same shi nake nema."

Na yi fushi na daina gaishe shi. Bai ma lura ba. Da na gaji na koma, sai ya ce, "Ka dawo daga hutu?"

Abu biyu ya yi da kuɗin. Na farko, ya sayi fili a cikin gari jikin gidansa, tsakar gida ɗaya ta haɗa su, ya jera ɗakuna layi guda kamar na bariki, ya zuba malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Ya ce mai albashi ba ya gudu da haya, don an san inda yake kwana an san inda yake wuni. Kowace safiya sai ya bi ƙofofi yana ƙwanƙwasawa da sanda, yana duba shara da kwata. Wani malamin lissafi ya taɓa ce mini tun da ya kama ɗaki a gidan, in ya ji tari sai ya miƙe tsaye, ko a masallaci ne.

Na biyu, ya sayi gona a ƙauyen su Inna, matarsa, can bakin daji. Gona ce mai suna gona. Kuma yadda ake saye a can ya saya. Ba mai awo, ba turakun siminti. Mai unguwa ya shige gaba, maƙwabta na gabas da na yamma suka biyo, aka taka iyaka da ƙafa: daga kukar nan zuwa surin can, a bi rafi har dutse mai tsagi, a juyo ta gindin ɗorawa. Aka raba goro, aka yi fatiha. Mai unguwa ya rubuta 'yar takarda ya ajiye a akwatinsa. Iyakar gonar Kawu tana cikin kan mutane ne, kamar ta kowa a ƙauyen.

Shekaru suka yi kyau. Masara ta riƙa shigowa gari a bayan manyan motoci. Tsofaffin sojoji suka mai da ƙofar gidansa makaranta, ranar da fansho ya shigo sai su taru a inuwar darbejiya yana yi musu huɗuba. "Ƙasa ba ta da taya," in ji shi, yana buga sanda. "Ba ta ruɓewa, ba ta neman baƙin mai." Kofur yana gyaɗa kai yana kallon wajen tasha.

Sai daji ya lalace.

Ba sai na ba ka labari ba, in ɗan nan ne kai ka sani, in ba ɗan nan ba ne ka ji a rediyo. Mutanen daji suka fara da shanu, suka koma kan hanya, suka koma kan gonaki. Malamai da ma'aikata suka nemi canjin wurin aiki, ɗakunan Bariki suka zama na gizo-gizo. Taubashi ya zo takanas daga Kaduna, ina zaune a wurin aka yi.

"Baba, a sayar da gonar nan tun tana da mai saye."

"Soja ba ya barin inda aka ajiye shi."

"Wa ya ajiye ka? Kai ka ajiye kanka. Kuma ka bar soja, Baba."

"Kai da ka san biro kawai, za ka koya mini ƙasa?"

"Ban san ƙasa ba. Na san hanya, yanzu na biyo ta."

Kawu ya juya masa ƙeya ya ƙara wa rediyo murya.

Da kakar shekarar masara ta nuna, ƙafar Kawu ta kumbura, ba ya iya hawa babur. Sai ya tura Auta, ƙaramin ɗansa, wanda aka fara maganar aurensa, ya je ya tsaya a kan girbi. Inna ta ce a bar masarar. Kawu ya ce wuni ɗaya ne, da rana tsaka, ga mutanen ƙauye cike da gona.

Da rana tsakan suka zo.

Mutanen ƙauye ne suka yi masa sutura a gurguje suka binne shi a gefen gonar, don ba halin ɗauko shi. Kawu bai ga gawa ba, bai ga kabari ba. Kafin ƙafarsa ta sace an ƙone ƙauyen, har da akwatin Mai unguwa da duk takardun da ke ciki. Taubashi ya zo zaman makoki, ya gaishe da uwarsa, ya koma. Tun daga nan in ya zo gida a zaure yake tsayawa, Inna ta fito su gaisa. Yana aiko da kuɗin magani, bai taɓa fashi ba. Amma tsakar gidan bai ƙara takawa ba sai bayan mutuwar ubansa.

Mutanen ƙauyen suka shigo gari da abin da kai zai iya ɗauka. Kawu ya fito da makullai ya buɗe ɗakunan Bariki duka, ya koma kujerarsa ya zauna. Da suka kwana biyu, Mai unguwa ya zo ya tsuguna gabansa yana kwance wani ƙullin kuɗi, wai ga ɗan abin da suka harhaɗa.

Kawu ya ce, "Mai da. Nuna mini inda kuka binne Auta."

Mai unguwa ya rasa yadda zai yi. Sai ya sa yatsa a ƙasa ya ja layi. "Nan rafi ne. Nan ɗorawa. To, tsakaninsu, ta wajen gabas."

Kawu ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya ce, "A soja, kafin mu shiga wuri, sai mun gina shi a ƙasa kowa ya haddace. Tashi ka kira mini sauran."

Abin da ya cinye tsakar gidan Bariki ke nan. Aka share ta tas, aka gina ƙauyen a ƙasa da gonakinsa. Toka ce rafi. Fasasshen tulu shi ne rijiya. Kwalbar turare masallaci, gwangwanin madara cocin Gwarawan tsallaken rafi. Kowace kuka dutse, kowane suri curin laka. Kowane mai gona ya zo ya nuna tasa, maƙwabta suka shaida, Kawu ya ja iyaka da bakin sandarsa. A gefen gonarsa, tsakanin toka da dutsen da ke matsayin ɗorawa, ya ajiye wani farin dutse ɗan mulmulalle da hannunsa.

Sannan ya yanka musu haya. Ba kuɗi ba. Kowace safiya da hantsi kowa ya fito ya tsaya kan gonarsa, Kawu na kan kujera da sanda a cinya.

"Gabas da wa ka yi iyaka?"

"Da gidan maƙera, daga kuka zuwa suri."

"Yamma?"

"Da Oga Sajan, rafi ne tsakaninmu."

"Wa ya shaida?"

Sai maƙwabta su ce, "Mun shaida."

Shi kuma ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Daidai." Ka biya hayar yau ke nan. Wanda ya makara, shara. Wanda ya manta iyakarsa, ya maimaita har sai yaransa sun yi masa dariya. Matan da mazansu suka mutu su ke tsayawa kan gonakin mazan, da 'ya'yansu a gaba, don su ma su ji.

Na ce masa, "Kawu, duk garin nan kai kaɗai ne mai gidan hayar da ake biya da baki. In haka ne ni ma a ba ni ɗaki, na fi kowa baki."

"Kai bakinka jabu ne," in ji shi. "Ba ya karɓuwa."

Kada ka ɗauka wasan yara ne. Na ga dattawa biyu masu furfura sun cakumi wuyan juna saboda an matsar da tsakuwa da faɗin yatsa. Ɗaya yana cewa, "Tun kakanka kuke cin mana gefen nan." Ɗayan yana cewa, "Kazarka ce ta ture shi, munafuki." Gonar da suke faɗa a kai ba ta fi faifai ba, ainihinta kuwa ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya sauka a can. Kawu ya bar su suka gaji, ya kira shaidu, ya mai da tsakuwar wurinta, ya ci kazar tara. Da yamma na ji yana gaya wa Kofur, "Ranar da suka daina faɗa a kan iyaka, ranar gonakin suka tafi."

Sau ɗaya na ji ya taɓa tsohuwar huɗubarsa. Wani sabon ɗan fansho ya zo neman shawara, ya ce ya ji an ce ƙasa ba ta da taya. Kawu ya ce, "Ba ta da taya. Kai ne ake sa wa." Ya ce masa ya sayi fili inda zai iya zuwa da ƙafa ya dawo kafin shayi ya huce, ya kawo mai awo, ya kafa siminti, kuma in matarsa ta ce a bar wani abu, ya bari.

Farin dutsen nan kuwa, ba a kiran sunansa a haya. Sandar Kawu takan bi iyakar gonarsa, in ta zo wurin sai ta ɗaga ta tsallake. Inna ba ta taɓa fitowa ta tsaya kallon taswirar ba, ba ta kuma taɓa yi masa maganar Auta ba, ko sau ɗaya, kuma na san da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Abin da kawai na gani, in hadari ya haɗo takan fito da sakaina ta kife a kan dutsen ta koma ɗaki. In ruwa ya ɗauke, Kawu ya ɗauke sakainar ya ajiye mata a bakin ƙofa, ya ɗauki sanda ya sake ja duk layukan da ruwa ya shafe. Hirarsu ke nan a kan maganar, shekara da shekaru.

A 'yan kwanakin nan aka fara cewa daji ya yi sauƙi. Wasu masu ƙarfin hali suka leƙa ƙauyukansu suka dawo da labari: ciyawa ta fi mutum tsawo, an sare itatuwa an yi gawayi, surin da ka sani ya rushe wani ya tashi a wani wuri, wasu gonakin ma baƙin fuska sun fara sharewa. Wanda ba shi da shaidu, ba shi da gona. A nan ne mutanen gari suka daina yi wa Bariki dariya. Ƙauye guda ne cur, da Mai unguwarsa da shaidunsa, a gida ɗaya, kowa ya haddace iyakar kowa.

Kawu ya ce in ruwa ya ɗauke za su tafi gaba ɗaya, a taka iyaka kamar farko, shi kuma ya ga wurin da idonsa. Ya fito da tsofaffin takalmansa na soja ya shafa musu mai ya jera a bakin ƙofa. Ruwa bai ɗauke ba. Wata la'asar aka same shi a kujerarsa, sanda a cinya, fuska wajen taswira, rediyo na ta magana. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan.

To, ga inda za ka ce na fara.

Sandar, Kofur aka ba, ya tafi da ita gidansa a ɗaya gefen gari, na gan ta rataye a bangonsa. Bayan sadakar uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta zama tafki. Da safe na biya gaishe da Inna. Layukan nan duka suna nan, sababbi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba da yatsa aka ja su ba, ba da kara ba. Siririn layi ne mai zurfi irin na bakin ƙarfe, kuma a wajen farin dutse ya ɗaga ya tsallake. Sakaina tana bakin ƙofar Inna.

Na tambayi Mai unguwa. Ya ce shi ya ɗauka ni ne. Na tambayi matan gidan, kowacce ta kama haɓa. Na tambayi Inna ta bayan labule, tana cikin takaba, ta ce, "Kai dai ba ka rabuwa da surutu." Abokaina na tasha suka ce in kwana a gidan in gani. Na ce su je su kwana, ni ina da iyali. Haka aka yi ta yi har ƙarshen damina.

Kuma haya ba ta tsaya ba. Da hantsi suna fitowa, kowa kan gonarsa, ga kujera ba kowa. Mai unguwa ne ke tambaya, gabas, yamma, wa ya shaida. In an ce "Mun shaida," sai duk su yi shiru. Ba mai cewa "Daidai." Jira suke. Can sai ka ga kafaɗunsu sun sauka lokaci guda, na gaba ya fara. Na tsaya a zaure na kasa kunne har kunnena ya yi zafi. Rannan na ji kamar an buga abu a ƙasa. Wataƙila turmin maƙwabta ne. Na ce wataƙila.

Da Inna ta fita takaba, Taubashi ya zo da dillali. 'Yan'uwansa mata sun ce duk abin da ya yanke sun bi. Na tare shi a zaure.

"Taubashi, ka zo sayar da bayinka ne? Fara da ni, ina da arha."

"Wa zai saye ka? Sai dai a haɗa da kyauta." Ya ɗan murmusa, ya gimtse. "Yau ba ranar wasa ba ce. Ka dubi kwanon nan, duk yoyo. Fansho ya tsaya. Maganin Inna ni ne. Gidan da ba ya kawo ko sisi, da me zan riƙe shi? In mai da ita Kaduna kusa da asibiti, ta huta."

"Mutanen fa?"

"Na ba su lokaci su nemi wuri."

"In suka watse, wani Kaduna wani Funtuwa, wa zai shaida gonar?"

"Gonar da ta cinye mini ƙane? A bar wa daji kayansa."

Na matsa na ba su hanya. Bai yi ƙarya ba ko ɗaya.

Suka shiga. Hantsi ne, ana tsakiyar haya. Dillali, wani mai ƙaton tumbi da waya biyu, ya dubi tsakar gida ya ce, "Wannan tarkacen duk a kwashe, a zuba siminti. Nan shaguna, nan wurin ajiye motoci." Ya sa ƙafa ya shure rijiya. Tsohuwar nan mai kalwa ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, kamar an taka ta.

Mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mu mu ƙarasa ta yau."

Taubashi ya ce, "Baba Mai unguwa, ku yi haƙuri. Wanda kuke yi wa ya tafi. Wannan ƙasa ce da duwatsu." Yana magana yana tafiya, ya ratsa gonakin mutane da takalminsa mai sheƙi, ya tsallake toka, ya tsaya inda zai ga tsawon filin da kyau. Bai duba ƙasa ba. Bai taɓa ganin taswirar ba, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke cikinta. Duk gidan aka yi tsit irin shirun da suke yi in suna jiran "Daidai."

Sai labulen Inna ya motsa.

Zan gaya maka abin da ya biyo baya tukuna, don in na faɗi maganarta ba ni da abin ƙarawa. Dillali ya tuna yana da wani alƙawari, har ya manta wayarsa ɗaya a kan kujerar Kawu, kuma yaro ya aiko ya ɗauka, shi bai dawo ba. Taubashi ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa har azahar. Bai ce ya fasa ba, bai ce zai sayar ba. Ya dai aiko da bandir ɗin kwano daga Kaduna, ya kuma tambayi Mai unguwa ranar da za a shiga taka iyaka, ya ce a jira shi. Bariki na nan. Gobe da hantsi za a biya haya.

Inna ta fito da sakaina a hannu, ko hadari babu. Ta tako a hankali ta bi ta hanyar ƙauyen, ba ta taka gonar kowa ba, ita da na ɗauka ba ta taɓa kallon zanen ba. Ta tsaya gaban ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Gidan ubanka ne, ka sayar in ka ga dama. Amma ɗaga ƙafarka tukuna. Kan ƙaninka kake tsaye."